Amsa: Me ya sa iyaye mata ke makara wajen kai yara masu shanyewar ƙwaƙwalwa asibiti?

Ƴar uwa kin ce kamar sakaci ne, ni dai ban yarda ba gaskiya. Uwa ce ke fara lura, wata 4 wuya bai tsaya ba, hannu kullum a dunƙule, in an ɗaga shi ƙafafu su sandare su harɗe, amma da ta yi magana sai a ce ki bari zai yi, kowane yaro da lokacinsa, wani sa'in ma ma'aikacin asibiti ne zai faɗa mata haka, a haka shekara ta wuce alhali a wannan lokacin ne fisiyo, wato atisayen motsa gaɓoɓi da ƙwararru ke yi wa yaro a asibiti, ya fi kama ƙwaƙwalwar yaro.

Ga masu ɗora mata laifi, wai wani abu ta yi da cikin, bayan abin kan zo ne daga rashin iskar numfashi wajen haihuwa, ko shawara mai tsanani, ko sanƙarau, ko haihuwar bakwaini.

Masu fisiyon yara kuma ba yawa, yawanci sai manyan birane, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Kuɗin mota, ga goyo yana ƙara nauyi, wa zai riƙe mata sauran yaran? In maigida bai ba da goyon baya ba kuwa shikenan.