Kafin ka sayi sababbin kwamfutoci, binciki mai gadin da aka sa musu

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a kan sari ya aiko da wannan tambaya: "Shekara uku ke nan muna rubuta ciniki da bashi a kwamfuta, guda uku ne a shagon. Makonni biyu da suka wuce wani yaro ya sa wa biyu daga ciki manhajar kariya, wadda suke kira antibairos. Tun daga nan, ana cikin aiki sai fuskar ta koma shuɗiya, kwamfutar ta mutu, ta sake tashi da kanta. Ɗaya ma yanzu ba ta buɗewa sam. Mai gyara ya ce sun tsufa, ko dai a yi musu fomatin ko in sayi sababbi. Wanne ya fi mini sauƙi?"

Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Amsar tana cikin wasiƙarka: kwamfutoci uku ke aiki a shago ɗaya, da wuta ɗaya da ƙura ɗaya, amma biyun da aka sa wa manhajar ne kaɗai suka kwanta, kuma a lokaci guda. Tsufa ba ya kama na'urori biyu rana ɗaya ya tsallake ta uku.

Manhajar kariya ta bambanta da sauran manhajojin da kake aiki da su. Idan wadda kake rubuta rasit da ita ta rikice, ita kaɗai za ta rufe, ka sake buɗe ta ka ci gaba. Ita kuwa antibairos, don ta iya tare ɓarawo kafin ya taɓa kaya, sai ta dasa wani ɗan ɓangare nata da ake kira direba a can cikin ƙuryar Windows, inda ake sarrafa komai. Kamar mai gadi ne da ka damƙa wa makullin sito, yana kwana a ciki. Idan ya yi kuskure a wurin, Windows ba ta da yadda za ta kore shi ta ci gaba da aiki, sai ta tsayar da komai don kada bayanai su lalace. Wannan tsayawar ita ce shuɗin da kake gani.

Kada ka ɗauka ƙananan shaguna kaɗai abin ke samu. Ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan fayil mai kuskure. Cikin minti 78 ya janye shi, amma aikin gama ya gama: Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka faɗi. Bankuna da asibitoci da filayen jiragen sama suka tsaya cik a ƙasashe da dama. Kamfanin jiragen Delta shi kaɗai ya soke tashin jirage kusan 7,000, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500. Abin da nake so ka lura da shi a labarin shi ne maganin. Ba sababbin kwamfutoci aka saya ba. Ma'aikata ne suka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, suka tayar da su ta ƙofar baya, suka goge fayil ɗin nan. A watan Afrilun 2010 ma an yi makamancin haka, lokacin da manhajar McAfee ta ɗauki wani fayil na Windows XP a matsayin cuta ta killace shi, kwamfutoci suka yi ta mutuwa suna tashi.

Abu na farko da za ka sa a yi yau shi ne a kwashe littafin bashinka. Jarinka yana can, a sunayen waɗanda suka ɗauki kaya da adadin da kake bin kowa. Kwamfuta ana sayen wata a kasuwa, amma idan lissafin nan ya ɓace, sai dai ka dogara da tsoron Allah na masu bashi, kuma ka san kasuwa. A kwafe fayilolin a filas biyu, ɗaya ya kwana a gida. Ko wadda ta ƙi buɗewa, mai gyara zai iya ciro ma'ajiyarta, wato ɓangaren da fayiloli ke zaune a ciki, ya haɗa da wata kwamfutar ya kwashe. Fomatin yana share komai, kuma wasu masu gyara suna saurin kai wa gare shi ne saboda ya fi bincike sauƙi, kuɗinsa kuma a bayyane yake. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Bayan nan sai gwajin. Idan shuɗin ya fito, a ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. A ƙasa akwai lambar matsalar, wani lokaci har da sunan fayil ɗin da ya jawo ta, mai ƙarewa da .sys. Idan bai nuna ba, Windows tana ajiye rahoton kowace faɗuwa a wata jaka mai suna Minidump, kuma akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, BlueScreenView, da ke karanta shi. In sunan ya fito na kamfanin antibairos ɗin ne, magana ta ƙare.

Ƙofar bayan da na ambata ita ce masu gyara ke kira sef-mod, wato a tayar da Windows da iya abin da ba za ta iya tashi ba sai da shi. Ga wadda ta ƙi buɗewa: a kunna, da zarar ta fara tashi a danne maɓallin wuta har ta mutu, a maimaita sau biyu ko uku, za ta kai ka shafin gyara da kanta, daga nan a zaɓi Startup Settings a danna 4. Idan ta zauna lafiya a nan awa guda ba ta faɗi ba, da wuya a ce wani ɓangare na jikin kwamfutar ne ya lalace. Amma a kula, idan an kulle ma'ajiyar da BitLocker, wato kwadon da Windows ke kulle bayanai da shi, za ta nemi mabuɗi mai lamba 48, sai a nemo shi a asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi kafin a fara.

A cire manhajar, kuma a cire ta da kayan cirewa na kamfanin da ya yi ta, domin cirewa ta yau da kullum takan bar direban a baya yana ci gaba da ɓarna. A kuma duba ko akwai wata tsohuwar antibairos da aka manta da ita a ciki. Masu gadi biyu a sito ɗaya, kowa yana ɗaukar ɗan'uwansa ɓarawo, wannan kaɗai ya isa ya kayar da kwamfuta.

Ka tambayi yaron nan inda ya samo ta. Idan irin wadda ake fasa wa kulle ce a raba a filas, araha ba ta ado: ba ta karɓar gyaran kamfani, wani lokaci ma ita ce ke ɗauke da cutar. A ganina, shago irin naka bai buƙatar sayen wata. Windows 10 da 11 suna zuwa da tasu kariyar, Microsoft Defender, kyauta, kuma tana farkawa da kanta da zarar an cire baƙuwar.

Ka yi yarjejeniya da mai gyara a kan kuɗin bincike daban, kuɗin gyara daban, ya nuna maka sunan abin da ya gano. Idan an cire manhajar shuɗin ya ci gaba, sai a gwada ram, wato ɓangaren da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, da ma'ajiya, a duba zafi da ƙurar da ta toshe fanka, da yadda wuta ke tsalle idan an juya daga NEPA zuwa janareta. Ko a nan, canza ɓangare ɗaya bai kai kusa da kuɗin sabuwar kwamfuta ba.

Akwai dalili ɗaya na gaskiya da zai sa ka fara tara kuɗin sababbi. Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da aka saba tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Idan naka suna cikinsu, ka canza su ɗaya-ɗaya daga riba, ka fara da wadda ke shiga intanet da asusun banki. Daga yau kuma, duk sabuwar manhajar da za a sa, a sa wa kwamfuta ɗaya ta yi mako guda tana aiki kafin a taɓa sauran biyun.