Tarwaɗa Ta Ƙi Cin Abinci A Lokacin Ɗari

TAMBAYA: Ina kiwon tarwaɗa a tankin siminti a bayan gidana. Tun da hunturu ya kankama kifayen suka rage cin abinci, ruwan ya soma wari, kuma wasu sun fara mutuwa. Wane magani zan zuba musu? Daga wani mai karatu a unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Malam, Allah ya mayar da alheri. Bisa ga abin da ka bayyana, ban ga alamar cuta ba tukuna, saboda haka kada ka yi gaggawar sayen magani. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki ne. Tarwaɗa ta fi cin abinci da saurin girma idan ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30, idan kuwa ya sauka ƙasa da 20, kamar yadda kan faru a dararen Disamba da Janairu a Maradi, cikinta yakan yi nauyin narkar da abinci. Wadda ke tafkin Madarunfa tana iya neman wuri mai zurfi ta fake, amma tankin siminti marar zurfi yakan huce gaba ɗaya kafin asuba.

Inda ɓarnar take shi ne a ci gaba da zuba abinci kamar na lokacin zafi. Abin da ba su ci ba yakan nutse ya ruɓe, ya haɗu da kashinsu ya haifar da sinadarin amoniya, wanda ke lalata musu gaɓoɓin numfashi. Da yake tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga saman ruwa, takan daɗe tana jurewa, shi ya sa mai kiwo ba ya fargawa sai ya ga kumfa a kan ruwa da kifaye rataye a tsaye, kai sama, wutsiya ƙasa.

Ka rage abincin sosai, ka riƙa ba su da hantsi ko da azahar bayan rana ta ɗumama ruwan, kaɗan-kaɗan, kuma da zarar sun daina wawa ka tsaya. Ka zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan ta ƙasan tanki, ka cika da sabon ruwan rijiya, wanda yake fitowa da ɗumi ko da safe. Idan na famfo ne, ka bar shi ya kwana a buɗe domin kulorin, sinadarin da ake tsabtace ruwan famfo da shi, ya fita. Da dare ka rufe tankin da leda ko zana, ka bar kafar shigar iska. Idan bayan haka ka ga gyambo a fatarsu ko ciki ya kumbura, to, ka nemi ma'aikacin kiwon kifi ya duba su.