Ku Tambaya Mu Amsa: Shin sai da fawa mai wat 1200 kwamfutata za ta yi aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa kwamfutar tebur ne don gyaran bidiyo da ɗan buga gem da daddare, na riga na sayi katin hoto (graphics card) RTX 4070 Super da furosesa Ryzen 7 7800X3D. Mai shagon da nake sayayya a wajensa ya dage wai sai na ɗauki fawa (na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta) mai wat 1200, in ba haka ba katin zai ƙone. Ni kuma tsorona kuɗin wuta, kar in je abu yana shan wat 1200 kullum mita tana gudu. Meye gaskiyar maganar?
Daga mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh bari mu fara da tsoronka na mita, ka kwantar da hankalinka. Lambar nan da ake rubutawa a jikin kwali iyakar abin da fawar za ta iya bayarwa ce in an matsa mata, amma kayan da ke cikin kwamfutar su ne ke jan abin da suke buƙata, in wat 100 suke so 100 ɗin za ta ba su. Yanzu mu yi lissafin taka: katinka wat 220 ne a cikakken aiki, furosesar kuma an rubuta mata 120 kuma a gem ba ta ma kaiwa haka, ka ƙara madabod da RAM da SSD da fankoki ka ce wat 60 zuwa 80. Kaga duka duka wajen 420 kenan. Nvidia da kansu, kamfanin da ya ƙirƙiro katin, fawa mai wat 650 suka ba da shawara ga wannan katin. Ka sayi 750 mai kyau ka huta, ragowar kuɗin ka zuba a SSD ko RAM tunda aikin bidiyo kake, can za ka ga amfaninsu.

Maganar ƙonewa kuma, fawa mai inganci in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta kashe kanta take yi, kwamfutar ta mutu ɗif kana tsakiyar aiki, shikenan. Wacce ke ƙona wa mutum kaya ita ce marar asali ɗin nan da za ka ga an liƙa mata sitika 1000W, ka ɗaga ka ji ta sakwat ba nauyi, farashinta kuma ko rabin na 650 ɗin kirki bai kai ba. Wallahi irin waɗannan nake jin tsoro wa mutanenmu, don mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi kati sannan ya zo kan fawa ya ce bari a rage. Ka nemi sunayen da aka sani kamar Seasonic ko Corsair ko be quiet!, ka duba garanti, masu kyau shekara 7 zuwa 10 ake ba su. Tambarin 80 Plus shi ma ka duba amma ka san shi ƙarancin asarar wuta yake nunawa: Gold tana kaiwa kashi 90 cikin 100 a rabin lodi, Bronze 85. Wato in kwamfutarka na cin 400, Gold za ta ja kusan 445 daga bango, Bronze kusan 470, bambancin zafi ne yake zama a cikin akwatin.

Tambaya: Malam ni RTX 4090 na samo na hannu, abokai suna ta tsorata ni wai wayarsa narkewa take yi. Kuma fawata tsohuwa ce mai 850.
Daga mai karatu a Kaduna

Amsa: Kai kam kana cikin waɗanda babbar fawa ta halatta gare su. 4090 wat 450 yake ci, in ka haɗa shi da furosesa irin su Core i9-14900K da ke kaiwa 253 ka riga ka wuce 700 tun ba ka ƙirga sauran kaya ba. Nvidia sun ce 850, ni dai da 1000 zan ba ka shawara, mai ɗauke da ATX 3.0 ko 3.1 (ƙa'idar ƙera fawa ta zamani), saboda waɗannan manyan katunan suna fizgar wuta farat ɗaya na ɗan lokacin da ko ƙiftawar ido bai kai ba, tsohuwar fawa sai ta ɗauka matsala ce ta yanke. An tsara ATX 3.0 ne ta jure ninki biyu na ƙarfinta a irin wannan fizgar. Shi kuwa katin RTX 5090 da ya fito a 2025 wat 575 ne, 1000 ne ma mafarinsa.

Batun narkewa gaskiya ne, ya faru tun fitowar katin a 2022. Kan wayar mai fil 16 ne, sunansa 12VHPWR, ɗan ƙarami amma har wat 600 ke bi ta cikinsa, kuma yawancin waɗanda suka narke ba su shige har ƙarshe ba ne. Don Allah ka danna shi da kyau har ka ji ƙas, ka haska tocila ka duba kada ka ga wani ɗan tsaga tsakanin bakin wayar da katin, kuma kar ka lanƙwasa ta dab da kan don murfin akwati ya rufu. Tunda na hannu ne ka leƙa ramin katin ma, in ka ga robar ta yi ruwan ƙasa ko ta kumbura mayar masa da abinsa. Wani abu kuma, in ka canza fawa kar ka bar tsofaffin wayoyi a jiki don ƙyuya, ramin zai iya shiga amma tsarin fil ɗin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a take sai ya kashe maka SSD.

Tambaya: Me ya sa duk sanda NEPA suka ɗauke wuta kwamfutata ke mutuwa alhali tana kan UPS?
Daga mai karatu a Maraɗi da ke aiki a Kano

Amsa: Abu biyu nake zargi. Na farko UPS da ma'aunin VA ake rubuta ƙarfinta ba wat ba, ita 650VA ɗin nan da ta cika kasuwa wat 360 zuwa 390 kawai take ɗauka, an yi ta ne don kwamfutar ofis, to ina za ta kai mai gem da allonta? Na biyu fawa ta zamani tana da abin da ake kira active PFC (tsarin daidaita yadda take jan wuta), wasunsu ba sa shiri da wutar ƙananan UPS da inbata masu arha, da an juya kan batir sai su yanke. Ka nemi UPS wacce aka rubuta pure sine wave (mai ba da wuta irin ta NEPA), kuma ka duba lambar wat ɗinta ta haura abin da kwamfutarka da allo ke ci. In batirin ya haura shekara biyu zuwa uku a zafin nan namu shi ma a gwada shi kafin ka sayi sabuwa. Ƙaramin janaretan nan kuwa da wutarsa ke hawa tana sauka kar ka jona kwamfutar kai tsaye, a sa sitabilaiza mai kyau a tsakani.