Yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba

Malam, kana tambaya ko wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ke zama shugaban Najeriya kai tsaye. A'a. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai ya haɗa da kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, in ba haka ba a je zagaye na biyu.

Ni da zaɓen 1979 nake fahimtar da ɗalibaina. Jihohi 19 ne lokacin, Shagari ya cika sharaɗin a 12, a Kano ya gaza, amma aka ce shi ya ci. Awolowo ya garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta amince da lissafin cewa biyu bisa uku na jihohi 19 shi ne jiha 12 da biyu bisa uku na ta 13, wato Kano. In na rubuta a allo, yara sai musu: ta yaya ake raba Kano uku?