Amsar Baffa kan lissafin fim kafin a kai shi sinima

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce kamfanin da kake wa aiki bashi ya yi masa katutu, kuna da finafinai uku a ajiye, kana son sanin dalilin da 'yan harkar nan a Legas suka saba riƙe fim sai Disamba ko Sallah, da yadda suke gane wanda zai mayar da kuɗi tun ba a haska shi ba.

Ka fara da rabon kuɗi, don a nan ake ruɗewa. Adadin da ƙungiyar masu gidajen sinima, CEAN, ke fitarwa duk mako kuɗin bakin ƙofa ne, ba naku ba. Za a cire haraji, har da VAT na kashi 7.5. Gidan sinima ya ɗauki wajen rabi, mai rarraba fim, irin su FilmOne, ya yanki ladarsa. Abin da ke isa hannun furodusa wajen kashi ɗaya cikin uku ne. To a ce fim ya ci naira miliyan 60 har da talla, sai ƙofa ta tara miliyan 180 kafin uwar kuɗi ta dawo. In tikiti naira 5,000 ne, mutum 36,000 ke nan. Tsakaninka da Allah, daga ina za su fito?

Al'adar Disamba tana da tushe. Makarantu na hutu, mazauna ƙasashen waje sun dawo gida, mutane na neman wurin fita. A Disamban 2023 fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, ya fito, ya zama fim ɗin Nijeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinima. Sai dai kasuwar manya ce. Manajan sinima yana ba wanda ke cika masa kujeru lokacin yamma da dare, ƙaramin fim a tura shi hantsi, kowa na wurin aiki ko kasuwa. Kamfanin da ke ɗingishi bai kamata ya shiga wannan turmutsutsun ba. Makon Sallah ya fi muku. Azumi kuwa kada ku soma, haka Yuni da Yuli, lokacin da ruwa da cinkoson motoci ke zaunar da mutane a gida.

Abin da ya fi damuna shi ne nisan da ke tsakanin masu kallonku da allon. Mutanenmu suna Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, manyan gidajen sinima kuma suna Lekki, Victoria Island, Ikeja da Surulere. Magidanci zai haɗa kuɗin mota da na tikitin iyali, alhali ya saba kallon fim mai dogon zango kyauta a YouTube. Shi ya sa yawan mabiyan jarumi a Instagram ba ya zama tikiti. Fim ɗin Hausa a Legas sai da fassarar Turanci mai kyau a ƙasan allo, don Bayarabe da Ibo su zauna su ma.

Kafin saki, ku tara mutum talatin zuwa hamsin waɗanda ba su san ku ba, ku haska musu, ku lura da inda suka fara duba waya. Bayan saki, Juma'a zuwa Lahadin farko aikin talla ne. Mako na biyu ke faɗin gaskiya: in ciniki ya faɗi fiye da rabi, waɗanda suka kalla ba su yaba wa kowa ba, za a rage muku lokuta.

Kada ku saki ukun a jere. Wanda 'yan gwaji suka fi so shi ne na farko, ko da ba shi ya fi cin kuɗi ba, sannan a bar tazarar mako shida ko fiye. Mai rauni a ciki a kai shi YouTube kai tsaye. Takardar Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ta zo hannu kafin ku buga rana a fasta, kuma cikakken fim kada ya hau wayar kowa, don ranar da ya faɗa Telegram cinikin sinima ya ƙare.

Ka gaida mahaifiyarka.