Gobarar ɗakin majigi a Cinema Paradiso: haka take faruwa da gaske?

Tambaya: Na kalli Cinema Paradiso na Giuseppe Tornatore, wanda ya fito a 1988. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda zaren fim ya kama da wuta, Alfredo mai majigi ya makance, har sai da yaron nan Totò ya jawo shi waje. Ƙarin gishiri ne, ko kuwa?

Amsa: Malam, babu ƙarin gishiri ko kaɗan. Labarin ya faru ne a tsibirin Sisiliya na ƙasar Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake yin zaren fim mai faɗin milimita 35 da sinadarin naitiret, ɗan'uwan audugar da ake haɗa abin fashewa da ita. Illarsa ita ce yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa. Idan ya kama, ko an rufe shi da bargo ko an tsoma shi cikin ruwa yana iya ci gaba da ci, hayaƙinsa kuma guba ne.

Fitilar majigin wancan zamani sanduna biyu ne na gawayi, wutar lantarki na tsallakawa tsakaninsu, zafinta kuma yana taruwa a kan 'yar tagar da zaren ke wucewa. Abin da ke hana gobara gudu ne kawai: hoto 24 a daƙiƙa, wato kusan mita 27 a minti. Da zarar ramukan gefe sun yage, ko wani tsohon haɗi ya ɓalle, zaren ya tsaya cik a gaban fitila, nan take zai kama, wutar ta bi shi zuwa naɗin da ke sama, mai ɗauke da mita 300 ko fiye. Shi ya sa ake sa wa majigi marfin da ke faɗowa ya tare hasken idan injin ya rage gudu, a kulle naɗin cikin akwatin ƙarfe, kuma mai majigi ba ya barin wurin. A ganina, tarbiyyar da Alfredo ya yi wa Totò ba ta da nauyi a idon mai kallo sai ya san cewa sana'a ce mai kisa yake koya wa ƙaramin yaro.

Wajajen 1950 aka koma zaren asiteti, wanda narkewa yake yi, ba ya tashi da harshen wuta irin na naitiret. Fim ɗin ma ya nuna zuwansa, bayan Alfredo ya riga ya rasa idanunsa.

Tambaya: Na ga tsawon fim ɗin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Wanne zan fara kallo?

Amsa: Fara da mai kusan minti 124, shi ne ya ci Oscar a 1990. Mai kusan awa uku ya ƙara haɗuwar Salvatore (wato Totò) da tsohuwar budurwarsa Elena bayan sun manyanta, ya kuma bayyana hannun Alfredo a rabuwarsu, abin da ke sauya yadda kake kallon dattijon. A bar shi sai kallo na biyu.