Dinya Shida a Bangon Kabari

Tambaya: Malam, zanen shamuwa nake yi duk damina, abokaina suna cewa wasan yara ne. Manyan masu zane sun taɓa ɓata lokaci kan tsuntsu?

Amsa: Ɗana, ka bar su su yi ta dariya. A Maidum ta Masar, an zana dinya shida a kabarin Yarima Nefermaat, shekaru kusan 4,600 da suka wuce. An gano zanen a 1871, yanzu yana gidan tarihi a Alƙahira. Biyu suna kiwo, huɗu sun ɗaga wuya. Biyu daga cikinsu masu jan ƙirji ne, su suka fi burge ni, sun yi kama da irin da ke ƙyanƙyasa can Sibiriya ta ƙasar Rasha. Shamuwarka kuwa, lura da shuɗin fuskarta.